Kaka, Na Sa Kunne a Kan Ƙarfen Dosso

Zuwa ga kakana Namata, wanda ya riga mu gidan gaskiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ladabi irin wanda ya kamaci jika ga kakanta, ina roƙon Allah ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Mu nan Dogon Dutsi lafiya lau muke. Baba da Inna lafiya. An yi girbi, geron gonarka ya yi kyau, kuma tunkiyarka mai baƙin kunne ta haifi biyu.

Ni ce Barira. Ba ka taɓa kiran sunan nan ba, tunda na mahaifiyarka ne aka sa mini, sai dai ka ce "Uwata". Na gama firamare, yanzu ina ajin farko a kolej. Na san wasiƙa ba ta isa inda kake. Amma ka san ni da baki: in mutane sun wuce biyu, magana maƙale mini take yi a wuya. A takarda ba ta maƙalewa. Gwaggo Hajo ta ce in na gama za ta sa a shafinta na intanet, don haka duk wanda ya karanta, ya yi haƙuri da rubutuna, ya sa kakana a addu'a.

Kaka, akwai tambayar da ka yi mini ranar Babbar Sallah ta ƙarshe da ka yi da mu, ban ba ka amsa ba har ka tafi. Amsar na kawo maka yau. Amma bari in fara da wurarenmu na kallon jirgi, don ka san ban bar su ba.

Kowa ya san babu jirgin ƙasa a Arewa tamu ta Dogon Dutsi, ƙasar Arawa. Kai ne kaɗai a gidanmu ka taɓa ganinsa, tun kana saurayi, da ka tafi cin rani Ƙaura Namoda kana dakon buhunan gyaɗa a tasha. Da na dame ka da tambayar yadda yake, sai wata safiya ka ɗauki sandarka ka ce in biyo ka, za ka nuna mini jirgin Arewa.

Saman dutsin bayan unguwarmu ka kai ni. Sau uku kake tsayawa kafin mu kai sama, kana haki, kana cewa, "Ba gajiya na yi ba hwa, Uwata, ke nike jira." Alhali ni ce a gaba.

Daga can ana ganin kwaltar da ta fito daga wajen Ƙonni ta miƙe Dosso. Muka zauna har manyan motoci suka taho a jere, hanci da gindi, maƙil da buhunan albasa. Ka ce, "Runtse ido kaɗan. Kin gani? Na gaba shi ne kai, na baya taragu. Haka jirgi yake, sai dai shi ba ya kauce ma jaki." Na runtse, na gani. Tun daga ranar, in na ga motoci sun jeru, idona da kansa yake runtsewa.

Wuri na biyu shi ne mashigar gari, kusa da bencin mai shayi, inda motocin ke tsayawa a duba musu takardu. Can ba na so sosai, saboda direbobi sun yi yawa kuma suna kallon mutum. Ni ina bayanka, riƙe da gefen rigarka. Kai kuwa sai ka ɗaga sanda ka ce, "Direban jirgi, daga wace tasha?" Su yi dariya su ce, "Daga Galmi, Baba, hau mu tahi!" Ka ce ai uwarka ba ta ba ka izini ba, ka nuna ni da baki.

Na uku ba a ganin hanya ma daga can. Gindin gawon gonarka ne. In mun huta da rana, sai ka share ƙasa da tafin hannu, ka zana jirgi da tsinke, da hayaƙinsa da ƙafafunsa, ni kuma in zana mutane a tagogi. Kullum sai ka leƙo ka ce, "Wanga ni ne? To sa mini hula, kada a ce ɗan Arewa ya tahi Ƙaura kai sake."

Bayan rasuwarka na yi wata uku ban hau dutsi ba. Sai Kawu Isuhu, autanka mai shago, ya sayi sabuwar waya ya ba Inna tsohuwar, wadda gilashinta ya tsage a kusurwa. Inna kira kawai take yi da ita. Ni na gano wurin ɗaukar hoto.

Yanzu duk Lahadi da safe ina hawa. Na koyi abubuwa ni kaɗai, Kaka, ba wanda ya nuna mini. Rana ta zama a bayana, in ba haka ba motocin baƙi ƙirin suke fitowa. In jira har su shiga kwanar nan ta wajen kukar da tsawa ta tsaga, domin a nan ne jerin yake lanƙwasa, ratar da ke tsakaninsu ta ɓace, su zama abu guda. In riƙe numfashi kafin in danna. Akwai wani hoto da na ɗauka na tankoki bakwai farare, wallahi da ka gan shi da ka nemi tikiti.

Inna takan karɓi wayar ta yi ta murzawa tana cewa, "Mota, mota, mota. Ke ɗiyag ga, mi kike nema cikin motocin mutane? Ko hoton ƙanenki guda babu." Ban san yadda zan faɗa mata cewa ba motoci ba ne.

To, ga maganar ranar Sallah.

Bayan la'asar ne, an ci nama an ƙoshi, gida cike da baƙi, kana kan tabarmarka a inuwar zaure. Wani ya tsokano zancen Ƙaura, ka gyara zama. Ka ce ku 'yan dako ba ku da agogo, kuma jirgi ba ya zuwa kan lokaci. Don haka ɗaya daga cikinku yakan durƙusa ya sa kunne a kan ƙarfen dogo. In ya ji ƙarfen yana motsi a ciki, sai ya ce, "Ku shanye hurarku, yana tahe," tun ba a ga ko hayaƙi ba. Ka ce kai aka fi sawa, don kunnenka ya fi na kowa. Har ka fara ba da labarin ranar da wani ɗan dako ya ƙi yarda da kai.

Kawu Isuhu bai bari ka ƙarasa ba. Ya ce, "Haba Baba, ƙarhe na magana? Wanga ai zancen 'yan bori ne. Ƙarhe ƙarhe ne, ba ya sanin gaibu." Samarin da suka zo da shi suka fashe da dariya. Wani ya ce gobe zai sa kunne a kan garmarsa ya ji ko za a yi ruwa.

Ba ka yi fushi ba. Ka waiwayo inda nake zaune kusa da randa, ka ce, "Uwata, ke kin yarda da ni, ko?"

Duk ido ya dawo kaina. Na yarda da kai, Kaka, Allah ne shaidata. Amma na ja hijabi na rufe baki, na dubi ƙasa. Ka jira kaɗan. Sannan ka yi 'yar dariya ka ce, "To, uwa ma ta ƙi ɗanta," ka nemi a miƙo maka buta. Mutane suka ɗauka wasa ne. Ni na ga fuskarka.

Ba ka sake ba da labarin Ƙaura a gaban mutane ba. Damina ta yi tsakiya ka kwanta ciwo, kwana tara. Kullum ina kawo maka kunu, kullum ina cewa yau zan faɗa maka, kullum akwai mai dubiya a ɗakin.

Shekara guda da rabi ina ɗauke da abin nan.

A hutun da ya wuce Gwaggo Hajo ta haihu a Dosso, Inna ta tafi suna da ni. Ka tuna ka taɓa ji a rediyo cewa an shimfiɗa dogo daga Yamai har Dosso, ka ce in Allah ya yarda za mu je mu gani? Tun a mota nake tunanin wannan. Da muka isa sai ga shi gidan Gwaggo a bakin gari yake, ba nisa da layin. Na tambaye ta a hankali yaushe jirgi ke wucewa. Ta ce, "Wane jirgi? Ƙarhe ne kawai kwance, awaki na kiwo a kai. Ba abin da ke bi."

Raina ya ɓaci, amma na ce ko ƙarfen ne dai in gani.

Washegari da sassafe aka aike ni sayen nono da 'yar ƙwarya. Mai nonon wata Bafulatana ce dattijuwa, doguwa, zaune a kan ƙarfen dogon kamar kujerarta, ƙwaryarta a gabanta. Kaka, na ga dogo da idona. Ƙarafa biyu ne a jere, sun yi tsatsa, ciyawa ta fito a tsakaninsu, sun miƙe sun miƙe har suka haɗu can inda ido ya gaza. Irin yadda kake zanawa a gindin gawo, ba ka ƙara komai ba.

Na ɗauki hoto uku. Sannan na tsaya na duba gefe da gefe. Akwai masu wucewa da kekuna, akwai mata da tulu, ga mai nono tana kallona. Na ce a raina, in ban yi yau ba, ba zan taɓa yi ba. Na ajiye ƙwarya, na durƙusa, na ɗage hijabi daga kunnen dama, na manna shi a kan ƙarfen. Sanyi kamar ruwan randa.

Da farko ba komai. Sai na ji shi.

Tak. Tak. Tak-tak. Can cikin ƙarfen, siriri, kamar daga ƙasan rijiya. Na ɗaga kai, shiru. Na mayar da kunne, yana nan. Tak. Tak-tak.

Abin da Gwaggo ta faɗa mini duk ya fita daga kaina. Maganarka kawai ta rage: yana tahe. Ban san lokacin da na miƙe ba. Ni, Barira, da malami ke cewa in ɗaga murya sau uku kafin ya ji sunana, na buɗe baki na kwarma ihu: "Jirgi! Jirgi na tahe! Ku tashi!" Na kori awaki da hijabina. Na kama hannun mai nono na fizge ta daga kan ƙarfen, saura kaɗan ƙwaryarta ta kife. Wani mai keke ya yi tsalle ya bar keken a ƙasa.

Muka tsaya muna kallon yamma. Ba hayaƙi, ba ƙara. Akuya guda ta dawo ta ci gaba da kiwonta.

Mai nono ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke ɗiyar ina ce?" Na ce Dogon Dutsi. Sai ta tafa hannu, ta yi dariya har ta dafa gwiwa. Ta ce, "Na sani! Ɗiyar Arawa! Ku kaɗai Allah ya yi masu gudun abin da babu. Ni tun aka aje ƙarhen ga nike zama kansa, ko keke bai taɓa taka ni ba."

Da a da ne, da na gudu gida na shige bayan ƙofa. Amma na tuna yadda kake yi da Fulanin da ke sauka gonarka bayan girbi, ba ka taɓa barin su su ci ka da baki ba. Sai na ji kaina ina cewa, "Ku Fulani ai kukan saniya kaɗai kunnenku ya iya ji. Sa kunne ki ji, Inna."

Ta ce, "Iye! Ashe tana da baki." Ta tattare zanenta, ta cire ɗan kunnenta mai nauyi, ta durƙusa. Na ga dariyar ta tsaya a fuskarta. Ta ɗaga kai, ta mayar, ta sake ɗagawa. Ta ce, "La ilaha illallahu. Akwai mutum cikin ƙarhen ga."

Ta ba wata maƙwabciyarta jiran nono, muka bi dogon mu biyu. Mun yi tafiya mai ɗan dama kafin ɗigo biyu da nake hange can gaba su zama mutane. Wasu tsofaffin Zabarmawa ne mata, zaune a inuwa, suna fasa ƙwallon aduwa da dutse a kan ƙarfen. Tak. Tak-tak. Ɗaya tana bugu ɗaya, ɗayar tana bugu biyu. Na gaishe su da "fofo", iyakar Zabarmancina ke nan. Mai nono ta ba su labari, suka yi ta dariya, suka ce ba su da maƙera da ta kai wannan kyau a duk Dosso, kuma ba su san ana jin su daga nesa ba. Ɗaya ta ce daga yau za ta daina gulma a nan.

Kaka, ba jirgi ba ne. Amma ƙarfen ya kawo mini bugun dutsen tsohuwa daga inda iska ba ta iya kawo shi ba. To ina ga jirgi mai taragu da buhunan gyaɗa? A wurin na zauna a kan dogon na yi kuka, ina dariya a ciki, mai nono tana cewa, "Ga ta nan kuma, Arawa ba su da dama."

Da muka koma wurin farko na ɗauki bidiyo. Na nuna tsofaffin can nesa kamar ƙuda biyu. Na riƙe wayar a sama, ba a jin komai sai kukan akuya. Na manna ta a kan ƙarfen, sai ga shi, siriri amma ana ji. Na ɗaga, na mayar, har sau uku. Mai nono ta ce in ba ta ita ma ta ɗauke ni. Ba ta taɓa riƙe irin wayar ba. Hoton ya karkace, rabin kaina ne kawai da kunnena a kan ƙarfe, da yatsanta a gefe. Duk hotunan da nake da su, shi na fi so.

Nonon kuwa sai da hantsi ya kai gida. Inna ta yi faɗa, na karɓa.

Mun dawo Dogon Dutsi ranar Talata. Ranar Juma'a bayan masallaci Kawu Isuhu ya zo gaida Baba, da abokansa biyu, ɗaya ma cikin waɗanda suka yi dariya ne. Suna zaune a inuwar zaure, daidai wurin tabarmarka. An aike ni kai musu ruwa. Na ajiye, ban tafi ba. Ƙafafuna suna so su tafi, na hana su.

Na ce, "Kawu, Kaka bai yi ƙarya ba."

Ya ce, "Mi kika ce, Barira?" Na sake faɗa, da ƙarfi. Na miƙa masa tsohuwar wayarsa.

Ya kalla. Ya mayar baya ya kalla. Ya kai ta kunne ya saurara. Abokinsa ya ce ai wannan kimiyya ce, sun ma karanta a lise, babbar sakandare, ƙara ta fi gudu a cikin ƙarfe. Kawu ya ce, "Mun karanta, e. To ina karatun ya tahi ranar Sallah?" Ya miƙo mini wayar. Sannan ya ce, "Astagfirullah. Allah shi jiƙan Baba, shi gahwarta mini."

Na juya zan shiga gida sai ya kira ni. Ya ce, "Ranan nan ya hwara labarin wani ɗan dako da ya ƙi yarda da shi, na katse shi. Ya taɓa ƙarasa miki?"

Ka ƙarasa mini, Kaka, sau da yawa, a saman dutsi. Sai na zauna a bakin tabarma na ba su. Yadda mutumin ya ce kunnenka ƙarya yake, ya dama furarsa cike da ƙwarya, ya miƙe ƙafa a kan dogo yana sha a hankali don ya ba ka haushi. Yadda jirgin ya fito daga kwana ya busa ƙaho, ya watsar da furar a kan rawanin shugaban 'yan dako, ya ruga ya bar takalmi guda. Na yi musu har da muryar shugaban, yadda kake yi. Baba ya yi dariya har da hawaye. Kawu ya ce in sake faɗin wurin rawanin. Inna tana bakin ƙofa da muciya a hannu, tana kallona kamar an canja mata ɗiya.

Lahadin da ta wuce Kawu ya rufe shago ya bi ni saman dutsi. Sau biyu ya tsaya yana haki. Ya ce ni yake jira. Na nuna masa kwanar kuka, na ce ya runtse ido kaɗan.

Yanzu wurarenmu sun zama huɗu, Kaka. Na huɗun babu jirgi a cikinsa, sai awaki da mai nono da ta ce in na koma kada in zo mata da ihu. Har yau ban ga jirgin ƙasa ba, ban sani ba ko zan gani. In Allah ya sa na gani, na san abin da zan fara yi kafin in ɗauki hoto.

Ka tambaye ni ko na yarda da kai. E, Kaka. Na yarda. Tun ranar na yarda, bakina ne ya ƙi buɗewa. Uwa ba ta ƙi ɗanta ba. Ka yafe mini jinkirin.

Allah ya jiƙanka da rahama, ya haskaka kabarinka, ya yalwata maka shi. Allah ya sauke maka duk nauyin da ka ɗauka a duniya, kamar yadda kake sauke buhu a tasha ka miƙe ka sha iska. Ya haɗa ka da mahaifiyarka mai sunana a Aljanna, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Taka har kullum,
Uwarka Barira, daga Dogon Dutsi.

Na zana jirgi a gindin gawo jiya. Na sa maka hula.